Ranar da Yaya ta Sunkuya

Sunkuyawar ce ta fara gaya mini akwai abin da ya lalace. Ina tsaye a ƙofar biro, ofishinmu na Paris, akwatin siliki a hannuna, saukowata ke nan daga jirgin ƙasan Lyon, sai na hango Yaya ta gilashin ɗakin patron, shugabanmu, ta naɗe biyu, goshinta ya kusa taɓa tebur, kuma ta daɗe ba ta ɗago ba. Patron, wani dattijo ɗan Japan mai ƙarancin magana, bai kalle ta ba. Ni ya kalla.

Na san ma'anar wannan sunkuyawa don ita ta koya mini. Yaya 'yar Baffa ce. Tun ina ƙarama aka kawo ni gidansu daga Damagaram, ɗaki ɗaya muka tashi a benen Minguettes, a gefen birnin Lyon na Faransa. Da ta ci bak, jarrabawar gama sakandare, ta ce jami'ar Paris za ta, karatun Japananci, Baffa ya yi ta dariya. "Faransanci bai ishe ki ba, sai kin ɗauko yaren masu ƙera rediyo?" In ta zo hutu sai ta tsayar da ni gaban madubi. Ɗan rusunar da kai gaisuwa ce, rabin baya godiya ce, amma in mutum ya naɗe har ƙasa ya tsaya, to babban laifi yake ba da haƙuri a kai. Inna, matar Baffa, tana wucewa ta ce, "Mu a gida har ƙasa muke durƙusawa, ba wanda ya ba mu diploma."

Karatun kuwa ya yi rana. Wani kamfanin Japan da ke sayen siliki a masaƙun Lyon ya ɗauke ta tafinta a Paris. Ni da na gama sakandare ban ci bak ba, ina ɗaukar kwali a wani sito na Vénissieux, ita ta samo mini aiki a wurinsu. In karɓi ƙyallayen sabbin zane waɗanda ba su shiga kasuwa ba, in hau jirgi in kai Paris, in na iso da dare in kwana ɗakinta a unguwar Stains, da safe in miƙa. Wallahi ko uwata ban yarda da ita kamar Yaya ba a lokacin.

Aka kira ni ciki. Yaya ta yi mini magana da Faransanci, abin da ba ta taɓa yi ba in muna tare. Ta ce an ga sabbin zanen a hannun wani kamfani, kuma ni kaɗai ke riƙe da akwatin a hanya.

Na ce mata da Hausa, "Yaya, ai ɗakinki yake kwana. Ranar Lahadin nan ba ke kika fita da shi ba, kika ce patron za ki nuna wa?"

"Ba a Hausa a nan," in ji ta, ko kallona ba ta yi ba.

Patron ya yi tambaya, ta fassara mini. Na amsa da Faransanci, na faɗi komai, har da Lahadin, ina haɗa kalmomi da kuka. Patron Faransancinsa bai wuce na gaisuwa ba. Yaya ta juya gare shi ta furta abin da bai fi numfashi ɗaya ba. Duk dogon bayanina ya tsaya a bakinta. Suka ci gaba da magana a kaina, ba abin da nake kamawa sai sunana yana faɗowa a tsakiya. Can aka ce in ajiye akwatin in koma gida, za a neme ni.

Ba aikin ne ya tsorata ni ba. Yaya a Faransa aka haife ta, ni kuwa da takardar zama nake, kuma lokacin sabunta ta ya matso. In aka kira polis aka rubuta mini sata, jirgin sama za a sa ni, in koma garin da ban ƙara sanin hanyoyinsa ba. A gar, tashar jirgin ƙasa, na ga 'yan sanda biyu suna shan kafe, sai na zauna a kan matakala mutane suna tsallake ni.

A gida na ce zazzaɓi ne. Wa zan gaya wa? Mutanen da suka raine ni, in ce musu 'yarsu ta sayar da ni? Inna ta yi ta dama mini kunu. Duk tsayawar asansar, na'urar hawa bene, a hawanmu sai in kasa kunne ko polis ne. Har yau da nake rubuta wannan, in aka ƙwanƙwasa ƙofa da ƙarfi sai na riƙe bango.

Ranar Juma'a da la'asar waya ta yi ƙara. Baffa ya dawo daga masallaci ke nan, ya ɗauka, suka daɗe suna gaisawa, yana ta sa mata albarka. Sannan ya miƙo mini.

"An gama," in ji Yaya, wannan karon da Hausa. "Ba polis. Sai dai kada ki sake zuwa."

"Ke kika kai wa wancan kamfanin zanen, ko?"

"Sun ce gani kawai za su yi, su ba ni babban wuri. Ke, saurara mini. Japanawan nan ba sa fitar da kunyar gidansu waje, ba a banza na karance su ba. Na san ba za su kira kowa ba. Da akwai haɗari ai da ban ambace ki ba."

"Kin sani, kika bar ni haka?"

"In ni ce, kamfanonin nan duk sun san juna, ba wanda zai sake ɗauka ta, karatuna ya tafi a iska. Ke kuwa kwali ko'ina akwai shi. Haba ƙanwata, ba abin da zai same ki."

Na ajiye wayar. Baffa yana cire hularsa ya ce, "Me ta ce, 'yar Japan ɗin tamu?"

Na ce, "Ta ce ba abin da zai same ni."

"To, madalla," in ji shi, ya shige ɗaki.