Farfesa Abdulƙudus da yaran ɗaya ga Janairu

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, tara ga Oktoba, bayan sallar Azahar, Allah Ya karɓi ran Farfesa Abdulƙudus Na'Allah a gidansa da ke unguwar Wemtenga, bayan jinyar kwana huɗu. Ɗan Zongo ne, jikan fataken goro, kuma shi ne ya shekara ashirin yana koyar da dabarun bincike da awo da ƙididdiga ga masu neman digirin dokta a fannin ilimi.

A wajen zaman makoki na ji wani dattijo yana cewa, "Allah Ya jiƙan malamin lissafi." Da yawa haka muke ɗauka, cewa mai ƙididdiga aikinsa tarawa da rabawa ne, kuma lamba ba ta ƙarya. Ni ma da haka na zo maka, Farfesa, lokacin da nake ɗalibinka. Kai ka koya mini cewa lissafin kwamfuta ke yi. Aikin mutum shi ne ya tsare lambar ya tambaye ta wa ya rubuta ta, yaushe, kuma me yake tsoro sa'ad da yake rubutawa.

Alherinka ba ya ƙirguwa. Ɗalibi nawa ka zaunar a rumfar mai benga a Zogona, ka saya masa wake, kana gyara masa tambayoyin bincikensa a kan benci? Amma yau abu ɗaya ya tsaya mini a rai, kuma ba zan iya yi maka ta'aziyya in tsallake shi ba.

Raliya Shitu ɗalibata ce tun tana sakandare, ni na kawo maka ita da hannuna. Shekara biyar ta yi tana auna karatun yara ɗari shida a makarantun firamare goma sha biyu. Sakamakonta ya fito fes: yaran da aka sa lekol, wato makarantar boko, suna shekara biyar zuwa shida sun fi waɗanda aka sa suna bakwai iya karatu, da rata mai faɗi. Ka sa hannu. Aka tsayar da ranar kare kundi, talatin ga Oktoba. Wannan ce shekararta ta ƙarshe a rajista, kuma akwai gurbin koyarwa da ke jiran takardar digirinta.

Mako guda kafin ka kwanta, ka kira mu gidanka. Ka shimfiɗa ainihin jerin sunayen yaran a kan tabarma, ka ɗora yatsa a kan layi ɗaya.

"'Yata, karanta mini sunan nan."

"Azumi, Farfesa."

"Ranar haihuwa?"

"Ɗaya ga Janairu."

"A shekarar nan azumi cikin damina ya faɗo. Wace uwa ce a Zongo za ta haihu a Janairu ta kira 'yarta Azumi?"

Raliya ta sake duba jerin. Ka ce ta ƙirga masu wannan ranar haihuwa. Yara ɗari da arba'in da uku, duk an haife su ɗaya ga Janairu. Ka dube ni ka ce, "Saminu, ashe matan unguwarmu rana ɗaya suke naƙuda?" Ba wanda ya yi dariya, har kai.

Dukanmu mun san abin da ya faru, don a gidajenmu ake yi. Yaro zai yi shekara biyu yana karatun allo, ko ya bi mahaifiyarsa garin kakanni, sai lokacin shiga lekol ya wuce. Sai a je a yi masa takardar haihuwa daga baya, a rage masa shekara ɗaya ko biyu don a karɓe shi, ranar kuwa a sa farkon shekara tunda ba wanda ya riƙe ta. Waɗanda Raliya ta ɗauka ƙanana masu kaifin kai, da yawansu su ne manyan ajin. Ni kaina an rage mini shekaru a takardata, amma na karanta kundin sau biyu ban gani ba.

Raliya ta ce, "Farfesa, saura wata ɗaya. C'est fini, komai ya ƙare ke nan?"

Ka ce, "Laifin nawa ne kafin naki, ni na sa hannu. Idan wannan ya fita, wani zai karanta ya ce a tura 'yan shekara biyar aji, kuma yaran ne za su sha wahalar kuskurenmu. Za mu bi gida gida mu tambayi iyaye mata. Su ba sa manta wace salla ce, ko ruwan wace shekara." Ka ce ranar Litinin ta sama za ka rubuta wa shugaban makarantar dokta, ka nemi a ɗaga ranar, ka ɗauki nauyin kuskuren. Gida talatin da ɗaya muka zaga tare da kai, kana bayan moto ɗina, wato babur. Litinin ɗin ta same ka a kwance, wasiƙar ba ta rubutu ba.

Daga ranar da aka binne ka, mutum biyu suka rage da suka san zancen. Sa hannunka yana kan kundin, alƙalan da za su duba shi sun karɓa, ba mai zuwa ya tambayi Azumi. Idan Raliya ta yi shiru, ta zama dokta a ƙarshen wata. Idan ta yi magana, babu kai da za ka tsaya mata, kuma ba wanda ya yi mata alkawarin ƙarin shekara. Na ga ta rame a kwanakin makoki. Ban ce mata komai ba, kuma ina shaida maka ban san abin da zan ce ba da ta tambaye ni.

Ranar addu'ar bakwai, bayan an shafa, ta same ni a ƙofar gida da ambulan a hannu.

"Malam, kai ni jami'a."

Na karanta wasiƙar a tsaye. Ta nemi a janye ranar, ta bayyana dalili, kuma ba ta ambaci sunanka a cikin kuskuren ba ko sau ɗaya. Na kai ta, ta miƙa, aka buga hatimi. Har yau da nake rubutun nan ba su amsa ba.

Ina miƙa ta'aziyya ga iyalinka, Hajiya Zalissa, da Shahida da Razak, da dukan ɗalibanka. Allah Ya jiƙan ka, Ya yalwata kabarinka, Ya sa ilimin da ka bari ya zame maka sadaka mai gudana, Ya ba iyalinka haƙuri. Amin.

Ku kuma matasanmu, gida ɗari da goma sha biyu suka rage, kuma ranar Asabar da safe za mu ci gaba, ko an ƙara wa Raliya shekara ko ba a ƙara ba. Wanda yake son zuwa ya fara gwadawa a gida. Ka ɗauko takardar haihuwarka, ka zauna gaban mahaifiyarka, ka tambaye ta a wane wata ta haife ka, ka rubuta amsoshin biyu gefe da gefe. Sannan ka zo da alƙalaminka.