Ranar da na hana a yanka Goshi a coci

Ranar Kirsimeti ce, shekarar da na fara famfara, da hantsi, ina tsaye a ƙofar cocin baƙi da ke bayan unguwarmu ta Jega Magaji, igiyar ragona a hannu. Goshi nake ce masa. Uwarsa ta mutu yana kwana tara, ni na raine shi da nonon akuya da dusa, ni ke ɗebo masa harawa in na kai wa Baba abinci fadama wurin dashen albasa. Malama Saratu, matar malamin asibiti, mutanen Zuru da ke haya kusa da mu, ita ta shigo ta ce wa Inna a ara musu shi, yara za su yi wasa. Inna ta ce in bi su in riƙe igiya. Iyakar bayanin da aka yi mini ke nan.

Da muka shiga sai na ga an kafa rumfar kara a cikin ɗaki, an baza ciyawa. Ladi ɗiyar Malama Saratu, wadda muka yi carafke da ita jiya-jiya, tana zaune lulluɓe da shuɗin zane, a gabanta komin dabbobi, a ciki jinjiri naɗe da tsumma. Na tambayi wata tsohuwa ɗan wa ne, ta ce Maryamu ce ta haihu. Na ce ai Ladi ce. Ta ce in rufe baki. Kaina ya ɗaure. Yaushe Ladi ta yi ciki ban sani ba? Kuma wane irin jego ne ba wuta, ba ruwan zafi, ba kunun kanwa, ga maza cike da ɗaki? Wani yaro sanye da farin ƙyalle ya hau turmi ya ɗaga hannuwa yana magana. Wasu uku suka shigo da rawunan aro, suka durƙusa suka ajiye kaya. Nan na gane, a ganina: barka ce ake kawowa, yau suna. Ni kuwa tun da na yi wayo ban taɓa ganin an yi suna rago ya kwana da rai ba.

Sai ga yara makiyaya da sanduna, suka karɓe igiyar suka ja Goshi gaban jinjirin. Jama'a suka ɗau waƙa. Na duba hannun kowa ina neman wuƙa, ban gani ba, na ce a raina tana cikin rigar wani. Ban san lokacin da na keta cikin mata na faɗa rumfar ba. Na rungume wuyan Goshi ina cewa, "Aro Inna ta ba ku, ba ta ce ku yanka ba." Goshi ya firgita ya banke komin, jinjirin ya faɗo ya gangara har gindin benci. Na ce shi ke nan, mun kashe ɗan mutane. Tsumman ya warware, sai ga gora.

Ɗaki ya ɗauki dariya, har mai hawa turmi ya faɗo. Ladi ce kaɗai ta ɓata rai, ta ce, "Ke dai baƙauya ce, sati uku muna koyo." Malama Saratu ta zaunar da ni kan cinyarta, ta ce labarin haihuwar Annabi Isa suke nunawa, babu yanka. Na ce to gorar fa? Ta cika mini kwano da shinkafa. Na ci, amma ban saki igiyar ba har gida.

Yanzu jikokina suna nuna mini irin wasan a waya, da fitilu da 'yar tsana, sun fi ni gane kansa, amma ba su san sunan ko yaro ɗaya na cocin unguwarsu ba. Su Ladi sun tashi da aka canja wa ubanta wurin aiki, ba mu gama shiryawa ba. Da na san inda take, da na je mun yi dariyar nan tare, tunda ran nan ni da ita ba mu samu yi ba.