Neman Mai Dariyar Zabuwa a Ƙofa

Mun tashi da asuba daga Kano, ana sallame salla muka nufi tasha, ni da abokina malamin firamare, riƙe da ledar lemo da kankana. Dubiya za mu je Kusada, wurin mutumin da ba mu taɓa gani ido da ido ba.

Ga waɗanda ba sa cikin guruf ɗinmu na waya, bari in warware muku. Akwai wani shiri mai fassarar Hausa da muke bi, na wani jirgi da ya ɓace a sararin samaniya da jama'a a cikinsa. A jirgin akwai wani gajeren tsoho mai kula da lambun da ake ci, masu fassara suka raɗa masa Na-Lambu. Kullum bakinsa a washe. Da safe sai ya gaida tumatir, ya tambayi albasa yadda ta kwana. In bala'i ya faɗa wa jirgin kowa na salati, shi sai ya saki wata dariya irin kukan zabuwa, ya ce, "To, mu ga abin da ya tsira." Ni dai haushi yake ba ni, kuma ban taɓa ɓoyewa ba.

Babban mai kare shi a guruf wani ɗan Kusada ne da ya iya kwaikwayon dariyar har ba ka bambancewa. Shi ma Na-Lambu muke ce masa. Ni da shi mun daɗe muna dambe da saƙon murya. Kwatsam sai ya yi shiru. Daga baya ƙanensa ya turo cewa ya yi hatsari a babur, an yanke masa ƙafar hagu, kuma tun da aka sallamo shi ya ƙi fita, ya ƙi magana. Daga nan wayar ta daina shiga.

Hanya ta yi kyau, damina ta zauna sosai. Daga Bichi zuwa Tsanyawa gero ya fid da kai, ko'ina kore shar. Kuɗin mota ne kawai ba daɗi, ya kusa ninka yadda na san shi bara, kuma duk da haka an cusa mu kamar buhunan gawayi. Wani dattijo ya ɗora mini kwandon kaji a cinya, ya yi barcinsa. A Kankia muka sauka bakin titi, motoci na ta lodin Katsina. Muka karya da koko da ƙosai mai zafi, wanda ya fi na unguwarmu girma da arha, muka ƙara da gasasshiyar masara sabuwar karya. Daga nan muka shiga wata tsohuwar mota mai ƙofa ɗaure da igiya, ta kai mu Kusada tana tari.

A nan muka gane wautarmu. Na tsaya wurin mai shayi na ce muna neman Na-Lambu. Ya dube ni ya ce, "Ɗan gidan wa? Mi sunanai na yanka?" Na dubi malam, malam ya dubi ƙasa. Mun san launin rigar da Na-Lambu na shiri ya sa a kashin farko, amma ba mu san sunan abokinmu ba. Hoton da ke kan lambarsa ma na tsohon nan ne na jirgi. Kunya ta kama ni, tsoro kuma ya biyo baya, kar mu koma da kankanarmu.

Malam ne ya yi dabara. Ya karɓi wayata, ya je tsakiyar 'yan acaɓa, ya kunna tsohon saƙon murya. Dariyar zabuwa ta cika wurin. Wani ya dire daga babur ɗinsa ya ce, "Kai! Wannan ai Lawal ne mai walda, ɗan Ƙofa! Allah sarki, rabon da mu ji ta tun kafin hatsarin. Ku hau mu tahi." Hanyar Ƙofa duk taɓo ce, sau da yawa sai mun sauka mun tura. Farar shaddata ta koma kalar kunun gyaɗa.

Mahaifinsa ya tare mu a zaure, dattijo mai sanyin murya. Bayan an gaisa an kawo fura, ya ce, "Shina ciki, amma ku yi haƙuri da shi. Asibiti sun ce ya riƙa takawa da sanduna, ya koma a duba wurin. Ya tura su ƙarƙashin gado. Mun yi lallashi, mun yi faɗa, ya ce ba mai ganinai haka."

Muka shiga. Yana kwance ya ba mu baya, ɗakin duhu, taga a rufe. Muka faɗi ko mu su waye, muka yi ya jiki, muka yi addu'a. Ya amsa can ƙasa-ƙasa, fuskarsa na kallon bango. Zuciyata ta karye, don muryar da na sani ba ta nan. Sai malam, don dai a ce wani abu, ya kawo zancen sabon kashi, inda wuta ta cinye rabin lambun jirgi, Na-Lambu kuma ya tsaya cikin toka yana dariya. Ni kuma baki ya riga hankali, na ce, "Ai na faɗa muku, wawa ne. Mutumin da bai san zafin asara ba."

Gado ya yi ƙara. Lawal ya juyo, ya ce, "Kai ne wannan na Kano ko? Har ɗakina?" Ya tashi zaune. Ya tuna mini kashin da Na-Lambu ya shige bayan shukar wake ya yi kuka shi kaɗai, sannan ya wanke fuska kafin ya fito. "Ya san zahi hwa! In mutanen jirgi suka ga mai abincinsu ya karaya, wa zai iya haɗiyar loma? Kai kallo kake da ido, ba da hankali ba!" Na ce raɓa ce ta jiƙa masa fuska. Ya ce in ji tsoron Allah. Muka kaure kamar a guruf, malam na ta zuga mu.

Hadari ya haɗo, dole muka miƙe don kar hanya ta rufe. Ina bakin ƙofa na jefa ta ƙarshe, na ce ni dai har gobe wawa ne, na fice. Muna tsallake zaure na ji tsawa, "Tsaya nan, ban gama ba!" Sai ga ƙwas, ƙwas a bayanmu. Lawal ne kan sandunansa, yana haɗa gumi, yana zazzaga mini hujja. Na riƙa ja da baya ina musu, yana biyo ni, har gindin dalbejiyar ƙofar gida, wadda suke kira bedi.

Sai da ɗan acaɓanmu ya danna hon yana kabbara sannan Lawal ya waiga. Maƙwabta sun firfito. Ya dubi sandunan, ya dubi inda ƙafar take a da, ya dubi mahaifinsa da ya kau da kai yana goge ido da hannun riga. Na tsorata, na ce yanzu zai koma ciki. Sai ya ja numfashi, ya saki dariyar nan, zabuwa sak. Wallahi ban taɓa jin daɗin shan kaye irin na ranar ba. A gaban jama'ar Ƙofa na ɗaga hannu na sallama.

Ruwa ya kama mu a Kankia, muka iso Kano jiƙe sharkaf muna ta murna. Abin da na koyo kaɗan ne: ka san sunan abokinka tun yana lafiya, kuma in ka je dubiya kar ka bar masa tausayi kaɗai, ka kai masa abin da kuka saba yi tare, ko da musu ne.

Washegari da hantsi saƙon murya ya shigo guruf. Ana jin ƙarar mota, da ƙwas, ƙwas a kan kwalta. Ya ce, "Jama'a, Lawal ne. Ga mu nan ni da Baba za mu asibiti. To, mu ga abin da ya tsira."