Na Sayi Gida Da Rani, Damina Ta Raba Ni Da 'Ya'yana

Edita, ina yi maka sallama tare da masu karatu. Ba zan faɗi sunana ba, ko da yake na san akwai mutanen Garwa da za su gane ni kafin su kai rabin wasiƙar nan. Su gane, ban damu ba.

Lokacin da abin ya faru shekaruna ashirin da bakwai. Mijina, Allah ya jiƙansa, fataucin shanu yake yi, ya rasu ya bar ni da yara biyu, mace mai shekara takwas da ƙaninta mai biyar. Ni kuma ina sayar da atamfa da leshi da ake kawo mini ta Mayo-Ulo. Na yi boko har lise, wato babbar sakandare, ina karanta Faransanci ina rubutawa, kuma in faɗi gaskiya wannan ya sa mini girman kai. Haƙuri kuwa ba ni da shi ko kaɗan, mutum ya tsaya doguwar gaisuwa sai in ji kamar in fizgo maganar daga bakinsa. Bayan na fita takaba, sau biyu ana tashinmu daga gidan haya, kuma duk inda na je nema tambayar farko ita ce ina maigidan. Da na ce ya rasu sai ɗakin da ake nuna mini ya zama wai an riga an kama. Na gaji, na rantse sai na sayi wurin kaina.

Gadon yaran yana hannun baffansu, yayan mijina, a Mayo-Ulo. Ba mugu ba ne, amma tun ranar sadakar bakwai yake cewa in kawo su ya riƙe. Da na je masa da maganar gida ya daɗe yana jan gemu, sannan ya amince a haɗa rabonsu da abin da na tara, da sharaɗi ɗaya: ranar da za a koma makaranta bayan dogon hutu zai zo ya duba, in bai tarar da su a wuri mai kyau ba zai tafi da su. Na ce na ji, har ina yi masa dariya a raina.

Wani aminin mahaifina ya haɗa ni da wani tsohon dillalin gidaje, Baba nake ce masa. Keke yake hawa, bakinsa kullum ja da goro. Aikinsa ya kusa haukata ni. In muka je ganin gida ba ya shiga, sai ya fara zuwa gaida jauro, wato mai unguwa, ya fito ya tsuguna wurin tsohuwa mai sayar da gyaɗa a ƙofar gida, su yi ta Fulatanci ana tambayar jikoki da awaki, ni kuwa ina tsaye cikin zafin Garwa na watan uku gumi na bin bayana. Abin da ya fara nuna mini da gaske sashe ne a saman wani tsohon bene a Jambutu, na wani attajiri da ya rasu, magada suna sayarwa sashe-sashe. Ɗaki biyu da falo, bango ya yi baƙi, matakala ta gutsure. Na ce masa ni ba tantabara ba ce da zan sayi ɗaki a sama, ina zan yi daka, ina zan shanya kaya. Ya yi dariya ya ce 'yata, ita tantabarar ai ba ta taɓa kwana a jiƙe ba. Na ce ya adana wasansa.

Ana nan sai wani matashin dillali ya turo mini hoton gida a waya, a wata unguwa ta ɓangaren kogi. Ɗaki uku, tsakar gida, bishiyar mangwaro, fenti shuɗi sabo fil, kuma kuɗinsa bai kai na benen ba. Na ja Baba muka je. Ni ina ciki ina zaɓar ɗakin da zan sa gadona, shi yana waje yana kankare gindin katanga da farce. Ya kira ni ya nuna mini gidajen maƙwabta, ya ce in dubi dokin ƙofarsu, kowanne an gina shi ya kai gwiwa, ya tambaye ni ko a lise an koya mana dalilin da mutum zai wahalar da kansa haka. Ya ce in bari sai watan takwas in zo in ga wurin, in kuma ba zan iya jira ba, in sayi goro mu je wurin jauro mu tambaya. Na ce takardun gidan cikakku ne, ni da kaina na karanta su layi-layi, hatimi da sa hannu babu abin da ya rage. Sai na faɗi maganar da har yau take cina: na ce mutumin da ko sunansa ba ya iya karantawa a boko ba shi zai koya mini sayen gida ba. Bai yi fushi ba. Ya ce takardar tana ofishin notar, mai buga hatimin ciniki, a cikin durowa, ruwa ba zai taɓa ta ba, ni ce zan kwana a nan. Ya hau kekensa ya tafi.

Na saya, muka tare. Wata uku ina jin daɗi, har ina kiran ƙawaye su zo su gani. Ƙarshen watan takwas aka kwana biyu ana ruwa, kogin Binuwai ya cika. Da hantsi ina wankin kwanuka na ga ruwa yana shigowa ta magudanar da ya kamata ya fita. Kafin azahar ya kai mini gwiwa, kafin la'asar katifu da littattafan yarinyata da dilar atamfa guda suna yawo a falo. Maƙwabta kuwa ko a jikinsu, gadajensu dama a kan bulo suke, kayansu a rataye. Wata mata da ta taya ni ɗaukar ƙaramin ta ce duk shekara haka ne, duk unguwar sun yi mamakin wadda ta sayi gidan ba ta leƙo kowa ta yi sallama ba, da na tambaya da sun gaya mini. Da ruwan ya ja, sabon fentin ya kumbura ya zube, ga tsohon layin ruwa a ƙarƙashinsa, baƙi, daidai ƙuguna. Matashin dillalin kuwa wayarsa ta daina shiga.

Baffan yara ya zo a ranar da ya ce. Ya same mu a ɗaki ɗaya a gidan ƙawata, ƙaramin yana tari. Bai zage ni ba, da ma ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Ya ce kawai a haɗa musu kaya. Yarinyata ta riƙe zanena a tasha tana tambaya ko laifi suka yi. Na zare hannunta na sa su a mota.

Sati biyu ina kwance, sannan na tashi na sayi fenti bokiti biyu. Niyyata a fili take: yadda aka yi mini haka zan yi wa wani, in shafe, in jira rani, in sayar. Na tafi wurin Baba da goro, kaina a ƙasa, na ba shi haƙuri. Ya ce Madam Faransanci ce yau da goro, lallai kogi malami ne. Da na gaya masa shirina sai dariyar ta ɗauke. Ya ce in fentin zan shafa in nemi wani dillalin, shi shekara arba'in yana wannan aiki kuma babu unguwar da yake jin kunyar shiga. Ya ce in bar bangon yadda yake, kowane wuri yana da mai shi, aikinsa ke nan ya nemo shi. Na ce wane mahaukaci ne zai sayi gidan da ke cika da ruwa. Ya ce in yi shiru ko sau ɗaya a rayuwata.

Na yi shirun, wata biyu, kuma ban taɓa yin aiki mai wuya kamarsa ba. Sai ga shi da wani mai ɗiban yashi a kogi, wanda da rani kawai yake aiki, yana neman fili kusa da ruwa da zai tara yashi ya ajiye ma'aikatansa. Baba ya kama hannunsa ya kai shi har gaban layin ruwan ya ce ga iyakar inda yake kaiwa. Mutumin ya ce da damina ai shi ma yana ƙauye yana noma. Ya saya. Na yi asara, ba zan ɓoye ba, amma sashen benen nan na Jambutu yana nan babu wanda ya ɗauka, sai da na haɗa da sarƙata da 'yan kunnena kafin kuɗin sayensa ya cika. Wannan karon ni na riga Baba cewa mu fara da gidan jauro. Na gaida kowace ƙofa a benen, na zauna na sha shayi, na tambayi ruwa da wuta da halin magada, kafin na yarda na kalli takarda ko ɗaya.

Baba da kansa ya raka ni Mayo-Ulo. Ni na yi niyyar in yi ta magana, ya taka mini ƙafa. Shi ya zauna da baffansu ya faɗi komai, har da zagin da na yi masa da fentin da na saya ban shafa ba. Baffan ya zo Garwa, ya hau matakalar nan yana haki, ya duba ɗakunan, ya sauka ya yi hira da maƙwabta. Da hutun ƙarshen shekara ya kawo mini su da kansa, da buhun gyaɗa.

Abin da na koya shi ne karatuna ya tsaya a kan takarda, ita kuwa takarda ba ta faɗin inda ruwa yake kwana. 'Yan uwana mata masu riƙon yara su kaɗai, na san gajiyar haya, na san yadda ake ƙosawa a samu ƙofar da babu mai korar mutum. Amma kada ku sayi gida a Garwa da rani ba ku tambayi damina ba. Ku dubi dokin ƙofar maƙwabta, ku gaida jauro, ku ji tsoron fentin da bai gama bushewa ba. Dillalin da yake ɓata muku lokaci da gaishe-gaishe, ku riƙe shi, aikinku yake yi.

Yanzu a ƙasa nake daka tare da matan benen, shanya kuwa a baranda. In hadari ya haɗu yaran sukan tsaya a taga suna kallon ruwa yana wucewa ta titi. Fentin nan bokiti biyu da na saya don in rufe wa wani ido, shi na shafa a ɗakinsu.