Kiranyen da Aka Yi a Falona

Ni a Jidda aka haife ni. Iyayena daga Sudan suka ƙetaro, don haka garin da maigidana yake kira gida, can Najeriya, ban taɓa taka shi ba. Shi kansa rabonsa da garin tun kafin aurenmu, ga shi babbar 'yarmu har ta gama sakandare. Yana aiki a wani shagon turare a kasuwar Balad, muna zaune a unguwar Waziriyya.

Wata damina ruwa ya cinye kwalbatin da ke tsakanin unguwarsu da kasuwa. Inna, mahaifiyarsa, ta turo saƙon murya tana cewa yanzu sai an zagaya ta bayan maƙabarta kafin a je cefane, ga ƙafarta ba daɗi. A makon ne kuma aka turo bidiyon ciyaman ɗin ƙaramar hukumarsu da kansilolinsa suna yanka zare a bakin wata ƙatuwar ƙofar shiga gari, an kafa hoton ciyaman a samanta yana murmushi. Maigida na cikin cin ful da tamis, wake da gurasar nan garin, ya ga bidiyon. Ya ture kwanon gefe.

"Kiranye za mu yi masa," ya ce. "Shi da kansilolin duka."

Na tambaye shi mene ne kiranye. Ya ce dokar can ta ba talakawa dama, in wanda suka zaɓa ya gaza, su haɗu su sa hannu a sauke shi tun wa'adinsa bai cika ba. Na ce to su waye za su sauke shi? Ya ce mu, 'yan garin mazauna Jidda. Ya faɗi haka yana gyara zaman hula kamar ciyaman na bakin ƙofa yana jiran hukunci.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci falona ya cika. Akwai masu shago, da leburori, da waɗanda suka zo umra shekarun baya suka manta hanyar filin jirgi. Kowa Alhaji ne, don haka in aka ce "Alhaji" sai duk ɗakin ya waiwayo. Na dafa kabsa, shinkafar Larabawa, da kaza na aika musu, ina jin su daga kicin. Kafin a taɓa maganar kwalbati aka fara da rabon muƙamai. Maigida ya zama shugaban kwamitin kiranye, tunda falonsa ne kuma shinkafarsa ce. Amininsa, wani direban taksi da ke zaune a unguwar Bagdadiyya, ya zama mataimaki. Aka naɗa sakatare, da ma'aji, da mai magana da yawu, da mataimakin mai magana da yawu. Wani tsohon tela ya ga an kusa gamawa ba a ambace shi ba, ya fara neman takalminsa, sai aka yi sauri aka ba shi uban ƙungiya. Ya dawo ya zauna. Da aka tashi, babu wanda ya fita ba muƙami.

Haka Juma'o'i suka yi ta tafiya. Aka buɗe guruf a waya, maigida yana tura saƙon murya masu tsawo, yana farawa da "'yan'uwana 'yan gwagwarmaya". Ya daina kwashe shara, ya ce yanzu idon jama'a na kansa. Yaranmu, waɗanda Hausarsu ta ji ce ba ta faɗa ba, suka riƙa gaishe shi da "ya ra'is", wato shugaba, yana amsawa da gaske. Mutumin da in kafilinsa, Balaraben da ya tsaya masa a ƙasar, ya kira shi a waya yake miƙewa tsaye ko da a kan gado yake, shi ne ke cewa ciyaman ya shiga taitayinsa.

An ɓata Juma'a guda kan ko hoton kwalbati za a sa a fuskar guruf ko na shugaban kwamiti. An ɓata wata kan wanda zai zauna kusa da na'urar sanyaya ɗaki. Ni dai abin da na lura da shi, ranar da na yi kabsa taro kan cika, ranar da na ba da shayi da biskit kuwa sai uzuri ya yi yawa.

Rigimar ta fara ne ranar da direban taksi ya ce yana da tambaya. Dama ya daɗe yana jin haushin yadda maigida ke katse shi.

"Ranka ya daɗe shugaba," ya ce, "an ce sai mai katin zaɓe na ƙaramar hukumar ne zai sa hannu. Kai ina naka katin?"

Maigida ya ce katinsa na gida, a akwatin Inna.

"Na wane zamani?"

"Kai ina naka?" in ji maigida.

Direba ya ce ai ba shi ne shugaba ba. Daga nan aka bi ɗaki ana tambayar kowa. Wannan ya fiddo iƙama, katin izinin zama a Saudiyya, wancan ya ce shi ko iƙamar ba shi da ita, a bar tone-tone. Tsohon tela ne kaɗai ya zaro wani kati daga lalitarsa, ya koɗe, hoton da ke jiki na wani saurayi ne mai gashi. Aka yi ta miƙa wa juna ana dubawa, aka rasa wanda zai ce ga jam'iyyun da ake yi lokacin.

Na zaci a nan maganar za ta mutu. Ashe sun samu abin da suka fi iyawa. Direba ya ce matsalar ba ta kati ba ce, ta shugabanci ce: shugaba ya mayar da kwamiti kayansa, ba ya shawara da kowa, kuma shi kaɗai ke cinye cinyar kaza. Wannan na ƙarshe gaskiya ne. Ya ce tunda dokar kiranye suke koyarwa, a fara gwada ta a gida. Aka ce a ɗaga hannu. Na leƙo ta labule na ga hannuwa a sama, wasu da maiƙon shinkafata bai bushe a kansu ba. Uban ƙungiya ya ɗaga rabi, ya yi kamar yana sosa kunne.

A falonsa, a kan kafet ɗinsa, aka sauke maigida. Direba ya hau. Kafin su fita sabon shugaba ya tsaya a bakin kicin ya ce, "Hajiya, Allah ya saka da alheri. Juma'a mai zuwa a nan za a yi ko?"

Na ce, "Halas, Alhaji. Kicin ma an yi masa kiranye."

Bayan 'yan kwanaki maigida ya kira Inna, ina jin ya nemi wanda zai tausaya masa ne. Ya sa wayar a lasifika yana ba ta labarin irin ɗawainiyar da ya yi saboda kwalbatinta, da butulcin da aka yi masa. Inna ta saurara har ya kai kan kalmar.

"Kiranye?" ta ce. "Wa ya gaya maka?"

Ya ce wa ya gaya masa me?

Ta ce ai ita ta sa malamin unguwa ya yi masa kiranye tun bara, ba ta gaya wa kowa ba. A ranar na san asalin kalmar: addu'a ce ko asiri da ake yi wa wanda ya tafi uwa duniya ya ƙi dawowa, don zuciyarsa ta kasa zama sai ya komo gida. Inna ta ce malamin ya tabbatar mata zai kama, ga shi shiru. "Ciyaman ai kullum muna ganinsa yana wucewa a mota. Kai ne ba mu gani." Maigida ya ce in sha Allahu bayan hajji. Ta ce haka ya ce bara.

Taron ya koma ɗakin direba a Bagdadiyya, inda babu abin da ake bayarwa sai ruwan sanyi. Ba a daɗe ba ya rage shi da ma'aji, ma'ajin ma don gidansu ɗaya.

Wata safiya labari ya zo cewa gwamna ya rushe dukkan shugabannin ƙananan hukumomi da kansilolinsu. Guruf ya farfaɗo. Direba ya tura saƙo cewa matsin lambar kwamiti ne ya kai kunnen gwamna. Maigida ya tura nasa ya ce a tuna wanda ya aza harsashi. Suna cikin wannan jayayya aka fitar da sunayen kantomomin riƙo, sai ga ciyaman ɗin nan shi aka mayar, yanzu kuma ba zaɓaɓɓe ba ne balle a yi maganar sauke shi. Kansilolin ma yawancinsu suka dawo da sunan masu ba da shawara.

Da azumi ya zo, kantoma ya zo umra da tawagarsa. Shugaban kwamitin kiranye da kansa ya ɗauko shi daga filin jirgi, bai karɓi kuɗin mota ba, ya tura hotonsu a guruf ya sunkuyar da kai yana riƙe da jakar kantoma. Maigida ya daɗe yana kallon hoton. Ya ce wannan cin amanar jama'a ne, kuma a ce baƙo irin wannan ya shigo Jidda ba a sanar da manyan gari ba.

Washegari ya dawo daga shago da kwalbar turaren ud, irin wanda ko ni bai taɓa kawo wa ba. Ya sa 'yarmu ta naɗe ta a takarda mai ƙyalli. Ya kira direba, suka gaisa kamar ba abin da ya taɓa shiga tsakaninsu, ya ce ya biyo ya karɓi saƙo ya kai masauki.

"Ka tabbata ka faɗa masa daga wa ya fito," ya ce. "Ka ce tsohon shugaba."