Rufin Yaya Harka

Tun yana saurayi, yayana Harka Rokaya sana'arsa ɗaya ce, tsaga allunan rufi daga itacen gobre. Itace ne dogo miƙaƙƙe mai ganye kamar allura, ba ya fitowa sai can saman dutse inda dusar ƙanƙara ke daɗewa. Da gatari kaɗai yake tsaga shi, ya jera allunan a kan ɗaki, ya danne su da duwatsu. Rabin gidajen ƙauyenmu shi ya rufa su.

Yau ɗakinsa ne ke yoyo. Gwamnati ta karɓe dajin, ta ce ba a taɓa gobre sai wanda ya faɗi da kansa, shi ma sai da takarda. Ofishin da ake ba da ita tafiyar kwana uku ne, ga gwiwoyinsa sun ƙi.

Bara da damina iska ta kayar da wani ƙaton gobre a bayan gonarsa. Ni na je neman takardar. Kafin su sa hannu ƙanƙara ta toshe hanya, sai da bazara takardar ta iso. Gobre kuwa ba ya jure kwanciya a ƙasa, mun tarar ya ruɓe.

Na tare malamin daji na ce, "Kai Birkha, wa ya rufa ɗakin da aka haife ka?"

Ya sunkuyar da kai. "Inna, ku jira wani ya faɗi."

"Da wannan takardar?"

"A'a, kowane itace da tasa."

Na dawo na gaya wa Yaya. Shimfiɗarsa kawai ya ja zuwa lungun da ruwa bai kai ba tukuna.