Yatsan da Muka Bari a Ƙarshe

Ranar Alhamis ce a tsakiyar watan Agusta, bayan ƙarfe biyu na rana, a falon gidanmu da ke Kafanchan. Mu huɗu ne: Baba a kujerarsa, Mama, ƙanwata, sai ni da na ɗauki hutu daga gidan rediyon da nake karanta labarai. A kan teburin cin abinci akwai injin ƙanwata, irin firintar nan da ke narka zaren roba tana jera shi layi bisa layi har abu ya tashi tsaye. Da ita take yin maƙalan makulli da kwalliyar kek na biki.

Ɓarin jikin Baba na dama ya shanye a farkon damina. Magana ta ɗauke, yatsun hannunsa kuma suka fara dunƙulewa. Ma'aikaciyar gashi ta asibiti, mai motsa wa marasa lafiya gaɓoɓi, ta gaya mana ba tare da ɓoye-ɓoye ba: in ba a sa masa abin da zai riƙe yatsun a miƙe ba cikin makonnin nan, za su ƙage a haka. Mun nema a gari, babu. Ƙanwata ta auna hannun, ta zana abin a kwamfuta, wani faranti mai kwari biyar da kowane yatsa zai kwanta a ciki. Ma'aikaciyar ta duba ta amince.

Naɗin zare ɗaya ya rage mana. Mai sayarwa a Kaduna ya ce sai kaya sun iso daga Legas, kuma bai san rana ba.

Danshin damina yana sa zaren nan karyewa, ƙanwata kuwa ta yi ta mita a kan haka. Mama ta ji. Ranar da aka sami rana mai kyau, muna asibiti, ta ɗauki naɗin ta ɗora a kan kwanon rufin kicin kusa da barkonon da ta shanya. Duk abin da ya yi sanyi a gidanmu can ake kai shi, tun muna yara. Zafin kwano ya tausasa zaren, layukan suka manne da juna.

Sau biyu muka gwada a haka. Injin yakan ja, naɗin ya cije, zaren ya tsaya, kan injin kuma ya ci gaba da yawo a iska ba ya zuba komai. Karo na biyu ni na zauna ina ɓamɓare zaren da hannu ina miƙa masa. Aikin na kusan yini guda ne. Mun wuce rabi, Baba ya sarƙe da tari, na juya na dube shi, kafin in juyo an gama. Guntaye biyu marasa amfani, da zaren da ba zai dawo ba.

Wannan Alhamis ɗin ƙanwata ta ce, “Yaya, sai mun fara buga wa naɗin mazauni. Ƙananan tayoyi da boris a ciki, ƙwallayen ƙarfen nan na cikin taya, ya riƙa juyawa ba nauyi, da ɗan hannu mai baki kamar cokali da zai riƙa raba zaren daga ɗan'uwansa kafin injin ya ja.”

“Da wane zaren za ki buga?”

“Da wannan.”

“In kin buga, sauran zai isa hannun Baba?”

Ta ɗora naɗin a kan sikelin da Mama ke auna citta, ta dubi kwamfuta, ta sake duban sikelin. “Ko ya isa da ƙyar, ko ya gaza kaɗan. In ban buga ba kuwa, gwaji na uku ya lalace, ba sauran ko da na yatsa ɗaya.”

Mama tana tsaye a ƙofar kicin, ta harɗe hannuwa a ƙirji. Tun ranar da ta gane abin da rana ta yi ba ta ƙara shiga falon sosai ba. Ta ce, “Yesu. Ni ce na ɓata.” Ƙanwata ba ta ɗago ba, ta ce, “Mama, ni na cika surutun danshi. Ki je wurin mai gyaran babur ki samo mana boris ƙanana, kin fi mu iya ciniki.” Ta ɗauki lema ta fita cikin yayyafi kamar an sake ta daga ɗauri.

Mazaunin ƙaramin aiki ne, na iya ciyar da zaren da hannu har ya kammala, ban ɗauke ido ko sau ɗaya ba. Kowane layi da ya sauka ina ganinsa kamar ana yanko shi daga hannun Baba. Da Mama ta dawo da boris, muka saka, muka ɗora naɗin a kai, ya juya shiru, bakin cokalin yana ɓalle zaren da ƙaramin sauti, ƙas, ƙas.

Sai ƙanwata ta faɗi abin da ta ɓoye. Farantin a gefensa za a buga shi, daga ƙasa zuwa sama. Gefen da ya zo ƙarshe shi zai rasa in zare ya ƙare. Ko babban yatsa, ko ƙarami.

Na saba karanta labarin mutuwa da murya ɗaya da ta farashin taki, amma na kasa yi wa Baba wannan tambayar. Ƙanwata ce ta durƙusa ta yi. Ya dube ta, ya ɗaga hannun hagu, ya haɗa babban yatsa da na kusa da shi, ya kai baki kamar mai cin tuwo. Tun da ya kwanta Mama ke ba shi a baki, kuma ya tsani hakan.

Mama ta share ido da bakin zani ta ce, “Ƙaramin nan dama me yake yi da shi? Sosa kunne kawai.” Rabin bakin Baba ya yi dariya.

Muka tayar da janareta da sassafe washegari. Injin bai cije ko sau ɗaya ba. Na zauna ina kallon naɗin yana ramewa, har baƙar robar da ke ciki ta fara leƙowa ta tsakanin layuka. Kwarin babban yatsa ya fito, na biyu, na uku. A na huɗu Mama ta daina addu'a da ƙarfi, sai leɓɓanta kawai. Ya cika. An fara na biyar kenan wutsiyar zaren ta zame daga naɗin, ta bi ta bakin cokalin, ta shige injin.

Ma'aikaciyar gashi ta goge gefen da ya rage da kaushi, ta ɗaura wa Baba farantin da maɗauri. Sabon zare ya iso bayan an fara girbi, muka buga cikakke, amma ta ce lokacin ƙaramin yatsan ya wuce. Baba yana cin tuwo da hannunsa na dama. Ƙaramin yatsan yana nan a lanƙwashe.